Darasi na Bakwai: Tanƙwara Wuyan Jita da Sauyawar Kaifin Sauti

1.0 Gabatarwa

Masana tsarin sauti sun tabbatar da cewa kaifin murya yana hawa ko sauka ne gwargwadon yadda tantanin maƙwallato ya ɗame ko ya saki. Sai dai wannan gaɓa a ɓoye take cikin maƙogwaro, ido ba ya ganin ta, don haka malami kan sha wahala wajen bayyana wa ɗalibai yadda take aiki. Kayan kiɗa masu tsirkiya suna taimakawa a nan, domin abin da ke faruwa a maƙogwaro a ɓoye, a jikinsu a fili yake faruwa. Wannan darasi zai yi nazarin wata dabara da makaɗan jita ke amfani da ita, wato tanƙwara wuyan jita, tare da bayyana hatsarin da ke tattare da ita.

2.0 Tsirkiya da Kaifin Sauti

Abubuwa uku ne ke tantance kaifin sautin tsirkiya: tsawonta, da kaurinta, da yadda aka ɗame ta. Wani masani Bafaranshe mai suna Marin Mersenne ya fayyace wannan ƙa'ida a littafinsa na 1636. Gajeriyar tsirkiya ta fi doguwa kaifi, siririya ta fi kakkaura, ɗamammiya kuma ta fi sakakkiya. Dalili kuwa shi ne, kaifin sauti ya dogara ne da yawan karkarwar tsirkiya a daƙiƙa guda. Alal misali, a cikin tsirkiyoyi 6 na jita, mafi kauri tana karkarwa kimanin sau 82 a daƙiƙa, mafi siranta kuwa kimanin sau 330. Kafin yawan karkarwar ya ninka biyu, sai an ninka ɗamewar sau huɗu.

Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Mai kalangu yakan matse tsirkiyoyin kalangunsa a hammata, fatar ta ɗame, sautin ya hau. Idan ya sassauta, sautin ya sauka. Da haka ne yake kwaikwayon karin sautin Hausa, har mai sauraro ya gane take ko kirarin da ake kaɗawa.

3.0 Yadda Ake Tanƙwara Wuyan Jita

An ɗaure tsirkiyoyin jita ne tsakanin kai, wanda ke ƙarshen wuya, da jaki, wanda ke bisa gangar jiki. Idan makaɗi ya kaɗa tsirkiyoyin, sai ya danne gangar jikin da hannu ɗaya, ya tura wuyan gaba da ɗayan. Wuyan zai ɗan rusuna, tazarar da ke tsakanin kai da jaki ta ragu, tsirkiyoyin su saki, sautin ya sauka. Idan kuwa baya ya ja wuyan, tsirkiyoyin za su ƙara ɗamewa, sautin ya hau. Maimaita hakan da sauri shi ke sa sautin ya riƙa rawa kamar muryar mai rera waƙa. Abin da ke jan hankalin makaɗa ga wannan dabara shi ne, dukkan tsirkiyoyin ne ke sauya sauti a lokaci guda, saɓanin jan tsirkiya ɗaya da yatsa.

4.0 Hatsarin da ke Cikin Dabarar

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wuyan jita kuwa busasshen katako ne, kuma tun kafin a taɓa shi yana ɗauke da kaya. Jimillar jan da tsirkiyoyin ƙarfe ke yi wa wuyan jita mai kwarya ya kai kimanin kilo 70, na jitar lantarki kuwa kimanin kilo 45. Saboda haka ne ake zura sandar ƙarfe a cikin wuyan don ta tallafe shi, dabarar da Thaddeus McHugh na kamfanin Gibson a Amurka ya samu haƙƙin mallakarta a 1923. Duk ƙarfin da makaɗi ya ƙara, a kan wannan kaya yake ɗora shi.

Wurare uku ne suka fi fuskantar lalacewa:

(i) Mahaɗar kai da wuya. A jitocin Gibson, kan ya karkata baya, katakon wurin siriri ne, ga kuma ramin da aka fafe domin bakin sandar ƙarfe. Nan ne karaya ta fi aukuwa.

(ii) Mahaɗar wuya da gangar jiki. Inda aka liƙa wuyan da gam, mahaɗar na iya tsagewa. Inda aka ɗaure shi da kusoshi masu zare, kamar a yawancin jitocin Fender, ramukan kusoshin na iya buɗewa, wuyan ya riƙa motsi.

(iii) Fenti da saiti. Fentin mahaɗa yakan dare, tsirkiyoyi kuma su riƙa barin saitinsu.

Yanayi ma yana da tasiri. Iskar hunturu tana busar da katako ya tsuke, laimar damina kuma ta kumbura shi. Jitar da ta sha wannan sauyi tana iya ɗauke da tsaga wadda ido bai gani ba, sai ranar da aka tanƙwara ta asiri ya tonu. Gwanin gyara na iya liƙe karyayyen kai, amma darajar jitar ta riga ta faɗi.

5.0 Hanyoyin Kauce wa Hasara

Rigakafi ya fi magani. Maƙera jita sun tanadi hannun ƙarfe da ake haɗawa da jaki, irin wanda ya fito a jikin Fender Stratocaster a 1954. Danna shi yana sakin tsirkiyoyi ba tare da an wahalar da wuya ba. Haka nan ana iya jan tsirkiya gefe da yatsa, ko a ɗan murɗa maɗaurinta a hankali.

Malamin da ya ari jita daga sashen kiɗa domin koyar da karin sauti, amana ya ɗauko. Ya isa ya kaɗa tsirkiya ɗaya sau biyu a sauti guda, ɗalibai su furta "kuka" na hawaye, mai karin sama da sama. Daga nan ya kaɗa, ya sassauta maɗauri, ya sake kaɗawa, su furta "kuka" ta miya, mai karin sama da ƙasa. Bai kamata ya gwada tanƙwara wuya a aji ba, domin abin da yaro ya ga malami ya yi, shi zai yi da zarar malami ya ba da baya.

6.0 Kammalawa

An ga cewa ɗamewa da sakewa su ne tushen hawa da saukar sauti, a maƙogwaro da kalangu da jita baki ɗaya. An kuma ga cewa tanƙwara wuyan jita tana sauya sauti, amma ribarta ba ta kai hasarar da za ta iya jawowa ba.

7.0 Jinga

1. Kawo abubuwa uku da ke tantance kaifin sautin tsirkiya.
2. Kwatanta matse kalangu da tanƙwara wuyan jita.
3. Tsara darasin minti 40 kan karin sama da karin ƙasa, ta amfani da garaya ko gurmi.