Kunya da Tallan Kai: Nazari a Kan Takardar Neman Aiki a Makera

Bahaushe ya ce yabon kai jahilci. A bisa wannan tarbiyya yaro yake tashi, ya koyi kunya da kawaici, ya bar wa maroƙi aikin faɗar kyawawan halayensa. To amma ran da ya fita neman aiki sai a ce ya rubuta takarda ya bayyana abin da ya iya. Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda za a warware wannan saɓani, tare da ɗaukar misali daga Makera, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu.

Sunan unguwar kansa yana tuna wa mai jin Hausa da maƙera, inda ba a tambayar mutum takarda. A can maƙeri yakan miƙa wa yaro zugazugi ne ya gani ko zai iya hura wuta, haka kuma masaƙi da marini suke yi. Abin da ya sauya wannan tsari a kudancin Kogin Kaduna shi ne zuwan masana'antu. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri, maƙwabciyar Makera, a shekarar 1957, a zamanin Sardauna Ahmadu Bello. UNTL ta biyo baya a 1964, sa'an nan kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975. Manajan da ke ɗaukar ɗaruruwan mutane ba shi da halin gwada kowa da kansa, don haka takarda ta zama ita ce fuskar mai nema. Da aka rufe KTL a 2002, UNTL kuma ta dakatar da aiki a 2007, sai magidanta masu yawa suka wayi gari suna bukatar bayyana wa sabon ubangida abin da hannunsu ya sani.

A nan ne kuskuren da ya fi yawa yake fitowa. Mai nema yakan mai da takardarsa wasiƙar roƙo, ya cika ta da gaisuwa da kukan talauci da yawan iyali. Wani kuma yakan faɗa ɗaya ɓangaren, ya yi wa kansa kirari, wai shi mai gaskiya ne, mai ƙwazo, mai haƙuri. Duka biyun ba su gaya wa mai ɗaukar aiki komai ba, domin babu wanda zai rubuta cewa shi rago ne.

Maganin abin yana cikin nahawu. Siffa da'awa ce, aikatau kuwa shaida ne. Alal misali, a kwatanta jimlolin nan biyu na wani tsohon ma'aikacin masaƙa. Ta farko ta ce, "Ni ƙwararre ne mai himma." Ta biyu ta ce, "Na kula da injunan saƙa shida, na gyara su idan sun tsaya, na kuma koya wa sababbin ma'aikata." Jimla ta biyu ba ta yabi kowa ba, labarin abin da ya faru kawai ta bayar, kuma ana iya bincikawa a tabbatar. Saboda haka ba ta keta kunya ba. Har wa yau, ta nuna wa mai gidan burodi ko mai injin niƙa cewa mutumin nan ya san inji, ko da ba za a sake saƙa ko yadi ɗaya ba.

Game da tsari kuwa, ba sai an tsawaita ba. A fara da suna da adireshi da lambar waya, a kawo ayyukan da aka yi da shekarunsu, na baya-bayan nan a sama, sa'an nan makarantu. A rufe da sunayen mutum biyu da za su tsaya wa mai nema, bayan an nemi izininsu. Shafi ɗaya ko biyu ya wadatar. Karatun allo da koyon sana'a a hannun ubangida su ma ilimi ne, bai kamata a ɓoye su ba.

Ɗalibin Hausa ma abin ya shafe shi. Galibi da Turanci ake rubuta irin wannan takarda, shi ya sa wasu sukan ambaci digirinsu a gurguje kamar abin kunya. Alhali kuwa Kaduna gari ne na gidajen rediyo da talabijin, inda kullum ake bukatar mai fassara labarai da mai gyaran rubutu. Wanda ya rubuta "Digiri a Hausa" ya tsaya nan, ya bar mai karatu cikin duhu. Ya fi dacewa ya ce ya fassara takardun asibiti daga Turanci, ya iya karanta ajami ya mai da shi boko, ya kuma naɗi hira da tsofaffi ya rubuta ta bisa ƙa'idar rubutun Hausa. Idan ya haɗa da shafi ɗaya na fassarar da ya yi, editan zai ga aikin da idonsa tun kafin ya kira shi ganawa.