Kafin ki haɗa murhun gas da hannunki

'Yata, na ji an ce kin gaji da hayaƙin itace, kin jingine risho, za ki koma gas. Wai kuma da kanki za ki haɗa. Madalla, ban ga laifinki ba. Tun da aka janye tallafin kananzir a 2016 risho ya koma na masu hali, buhun gawayi kuwa kullum hawa yake yi. Aikin ba shi da wuya, natsuwa kawai yake so.

In kin shiga kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, fara da tukunyar gas. Duba hannunta, shekarar da aka ƙera ta tana nan a jikin ƙarfen. Hukumar kula da ingancin kaya, SON, ta ce shekara 15 ce iyakarta. Kada sabon fenti ya ruɗe ki, leƙa gindinta, can tsatsa ke ɓuya. Mai kilo 6 a bisanta ake ɗaura kan murhun. In mai kai biyu kike so a kan tebur, ɗauki mai kilo 12.5, da regileta da tiyo.

Wajen tiyon nan ne mutane ke mance cewa araha ba ta ado. Na gas daban, na ban ruwa daban. Gas yana cin na ruwa a hankali, ya bushe, ya tsage, ba ki sani ba. Sayi mai kauri. In ya ƙi shiga, tsoma bakinsa a ruwan ɗumi, ki tura har ya haɗiye bakin ƙarfen, sannan ki sa kilif ki murɗa da sukundireba. Ban da tsumma, ban da robar keke.

Kin gama? To, kada ki kunna tukuna. Kaɗa ruwan sabulu, ki buɗe regileta, ki shafa a kowace mahaɗa. In kika ga kumfa tana tasowa tana girma, yoyo yake yi. Rufe, ki sake ɗaurewa. Wasu da ashana suke gwadawa, Allah ya kyauta.

Abin da ya sa nake jan kunnenki, gas ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a ƙasa kamar ruwa, yana jiran tartsatsi. Kin dai san sanyin Bauchi a watan Disamba, kowa ya toshe taga. Saboda haka kullum kin sauke girki, rufe daga tukunyar. Ranar da kika shiga kicin kika ji wari, kada ki taɓa makunnin lantarki, kunnawa ko kashewa. Buɗe ƙofa da taga, fitar da yara, sannan tukunyar.

Wutarki shuɗiya ya kamata ta zama. In ta koma ja tana baƙanta gindin tukunyar girki, ramukan kan ne suka toshe. Mu 'yan Bauchi kuwa ba ma rabuwa da ƙullun masa, ɗigo ɗaya ya isa. Bari murhun ya huce, ki cire kan, ki bi ramukan da allura.

Abu guda ne ba na hannunki ba, bakin tukunyar kanta. In nan ne ke yoyo, mayar da ita wurin masu cika gas, ban da mai walda. Tsaya a auna miki a sikeli, kada a cika ta maƙil, don gas yana kumbura da zafin Maris da Afrilu. Ki dawo da ita a tsaye, ko da a Keke Napep ne, ki riƙe ta tsakanin ƙafafunki.