Koyon Wasan Kwaikwayo: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu

Wasan kwaikwayo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan boko yara suna fita tashe daga goma ga watan azumi, suna kwaikwayon tsoho da mai magani da zaman miji da mata. Daga baya aka shiga rubuta shi a littafi, kamar Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi wanda aka buga a 1960. A 1990 kuwa aka fitar da Turmin Danya a Kano, daga nan sana'ar fim ta kafu. Yanzu da wuya a sami gundumar da babu samari masu marmarin wannan aiki, saboda haka ya kamata Hakimai da malamansu su san abin da za su gaya musu.

1. Lura. Farkon karatun ɗan wasa ido ne da kunne. Ya zauna kasuwa ya ga yadda dillali ke rantsuwa, da yadda mai bin bashi ke sallama, da yadda tsoho ke miƙewa daga tabarma. Marigayi Usman Baba Pategi, watau Samanja, ya yi aikin soja, ya san zaman bariki da Hausarta ciki da waje, shi ya sa wasansa ya shiga ran jama'a.

2. Murya. Lalle na ƙarshen taro ya ji kowace kalma ba tare da an yi ihu ba. Yaro ya riƙa jawo numfashi daga ciki, ya tsai da abokinsa can nesa ya karanta masa, har sai ya daina cewa bai ji ba. Wasan rediyo duk nauyinsa a kan murya yake. Gaban kyamara kuwa sai a rage motsi, gama tana ganin ko ƙiftawar ido.

3. Hadda. Ya riƙe maganarsa kamar yadda almajiri ke riƙe allonsa, sa'an nan ya san ta abokin wasansa. Wanda ke jiran lokacinsa kawai, ba ya sauraron abin da aka ce masa, 'yan kallo za su gane nan da nan.

4. Haƙuri. Kada ya raina fitowa a ɗan aike ko dogari. Da rarrafe yaro kan tashi.

5. Ladabi. Kada a kwaikwayi wani sanannen mutumin gari da aibinsa, ko a mai da makaho da gurgu abin dariya. Irin wannan yakan haddasa gabar da ke kai mutane gaban alƙali.

Abin da ake bukata ga Hakimi shi ne ya ba su fili, ya sa malaminsa ya duba wasan kafin a nuna, ya kuma hana yaro barin makaranta ko sana'ar gidansu saboda wasa. A gargaɗi iyaye game da masu karɓar kuɗi da sunan za su sa yaro a fim. Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, wadda ke rajistar masu wannan sana'a, to, a bincika can tukuna kafin a saki yaro ko yarinya su tafi birni.