Yadda jikin namiji yake yin ƙwayoyin haihuwa

Maigida, idan haihuwa ta yi jinkiri a gidanka, kada ka yi saurin ɗora wa matarka laifi. Ka fara sanin aikin da ke gudana a jikinka.

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar wake, ana kiransa fituwitari. Yana zuba sinadarai biyu cikin jini, LH da FSH. Ka ɗauke su kamar 'yan aike zuwa 'ya'yan maraina.

A cikin kowane ɗan maraina akwai siraran bututu a nannaɗe kamar zare. A nan ake yin ƙwayoyin haihuwa da ke cikin maniyyi. Tsakanin bututun akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu suna Ledig. In LH ya iso, sai su yi testosteron, sinadarin da ke fito da gemu, ya buɗe murya, ya kawo sha'awa. A cikin bututun kuwa akwai wasu masu suna Satoli, su ne masu raino. FSH da testosteron ke sa su ciyar da ƙwayoyin haihuwa har su nuna. Wannan yana ɗaukar wajen wata biyu da rabi.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Ƙwaƙwalwa tana lura da yawan testosteron cikin jini. In ya yi yawa, sai ta daina aiko 'yan aiken. Saboda haka mutumin da ya sayi allurar testosteron don ƙarin ƙarfi yana iya jin kuzari, alhali maraina sun ajiye aiki, ƙwayoyin haihuwa sun ragu ƙwarai ko sun ɓace. Bayan an daina, akan yi watanni kafin su dawo. Wannan allura ba maganin rashin haihuwa ba ce.

Zafi ma yana ɓata aikin, shi ya sa maraina suke waje, inda ya fi sanyi. Zazzaɓi mai tsanani yakan rage ƙwayoyin har wata uku. Hangum kuwa, in ya kama babba ya kumbura maraina, yakan bar lahani.

Iya kwanciya da iyali ba ya nuna ƙwayoyin suna nan. Ido ba ya ganinsu, sai madubin asibiti. In kun shekara ba ciki, ku zo tare. Za a ce ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7 kafin gwajin maniyyi. In sakamakon bai yi kyau ba, akan sake bayan wata uku.