DARASIN UWARGIDA: IDAN RUWA YA TARAR DA KE A FILIN WASAN YARA

 

Darasinmu na wannan fitowa na samo shi ne a Kalgo, a wani yammaci na watan Agusta. Na taso daga Gwandu na je duba yayata, sai na tarar ɗanta na cikin 'yan ƙwallon unguwa da za su kara a filin wata makarantar firamare. Ya matsa sai Inna ta zo ta ga yadda yake tsare gida. Muka tafi mu biyar, biyu da goyo. Ba a kai hutun rabin lokaci ba gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙura, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mu duka, har da ni mai koyar da 'ya'yan mutane, muka ruga gindin dogon yaro muka cure wuri guda. Mun jiƙe sharkaf duk da haka, jaririn ɗayarmu ya kwana yana kuka. Sai daga baya na gane cewa jiƙewar ita ce ƙaramar matsala a ranar.

Na san da yawanmu ba ma zuwa filin ƙwallo. To amma akwai ranar wasannin makaranta da ake gayyatar iyaye, akwai gasar yaran unguwa a dogon hutu, wanda ya faɗo daidai tsakiyar damina. Ko ba ki je ba, ke ce mai sallamar yaron da ƙannensa 'yan kallo, don haka darasin ya shafe ki.

Mu fara da sanyi. Mutanen Kabi mun saba da zafi, har muna raina sanyin damina. Amma jiƙaƙƙen tufa yana zuƙe ɗumin jiki, domin ruwa yana janye zafi fiye da iska kusan sau 25. Yaron da ke gudu cikin fili jikinsa na ƙera ɗumi. Ke da ke tsaye wuri ɗaya, iska na kaɗa ki, ke ce za ki fara kakkarwa, sai kuma na bayanki. Atamfa auduga ce, tana shan ruwa ta riƙe, ta manne a jiki. Hijabin yadi mai santsi ya fi saurin bushewa, don haka shi za ki ɗauka a irin wannan rana, kuma mai duhu, saboda farin yadi in ya jiƙe yana nuna jiki. Ƙafa kuwa takalmin roba; mai tsini da na fata ki bar su gida, laka ba ta san tsada ba.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne leda guda mai kauri, ki ɗaure bakinta tam. A ciki ki sa busasshen zani, hijabi na biyu, rigar sanyi da hula da safa na jariri, da riga ɗaya ta ɗan wasan. Mutane kan ɗauki lema su manta da wannan, alhali lema ba ta hana ruwan da iska ke korowa ta gefe, ruwanmu kuwa da iska yake zuwa. In kina da rigar ruwa irin ta 'yan acaɓa, ta fi lema amfani nesa ba kusa ba. Ki haɗa da filas na shayi mai citta ko kunu mai zafi, da 'yar tabarmar roba ko kujera, kada ki zauna kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Goyo yana da nasa hukunci. Jariri yana rasa ɗumi da sauri fiye da babba, musamman ta kai. Da zarar zanin goyo ya jiƙe, kada ki ce bari a tashi wasa tukuna. Ki nemi wuri ki kwance shi, ki tsane masa jiki, ki sa masa hula, ki mayar da shi ƙirjinki jiki da jiki, ki lulluɓe da busasshen zanin nan. Kuma kada ki naɗe shi ruf cikin leda ko rigar ruwa. Numfashi ya fi bushewa.

Yanzu ga babbar maganar. Wurin da zuciya ke fara kai mu fakewa, wato gindin itace, shi ne wuri mafi haɗari idan ana walƙiya. Tsawa ta fi faɗa wa abin da ya fi tsawo a buɗaɗɗen wuri, wutar ta bi itacen ta yi tsalle kan wanda ke kusa, ko ta bazu cikin ƙasa ta shiga ta ƙafafu. Filayen makarantunmu kuwa kin san su: fili fetal, sai layin dogon yaro a gefe. Rumfar kara, rumfar kwano marar bango, da rumfar tamfol mai ƙafafun ƙarfe da ake kafa wa manyan baƙi, duk suna tare ruwa amma ba sa tare tsawa. A watan Agusta na 2020, a Arua da ke arewa maso yammacin Yuganda, yara 10 sun rasu. Ƙwallo suke yi ruwa ya sauko, suka fake a wata bukkar ciyawa, tsawa ta faɗa mata. Allah Ya kiyaye mana zuri'a.

Mafaka ta gaskiya ita ce gini mai bango da rufi, kamar ɗakin aji ko masallaci, a shiga can ciki, a nisanci taga da ƙofar ƙarfe da wayoyin lantarki. Mota mai rufin ƙarfe da aka ɗage gilasanta ita ma ta yi. Babur da Keke Napep ba su yi ba. Shi ya sa nake cewa da kin isa fili, kafin ki nemi inda za ki ga ɗanki da kyau, ki fara tambayar wane aji ne a buɗe, makullin kuma yana hannun wa. Mu a ranar ajujuwan na nan kusa da mu, a kulle, mai makullin ya tafi gida.

Ga wani lissafi mai sauƙi da nake koya wa ɗalibaina. Haske yana riga ƙara isowa. Ƙara tana cin kilomita ɗaya cikin kusan sakan 3. In kin ga walƙiya ki fara ƙirga sannu a hankali har ki ji cida. In ba ki kai 30 ba, hadarin bai wuce kilomita 10 daga inda kike ba, kuma tsawa na iya kaiwa nan ko da ɗigo ɗaya bai sauka ba. A tashi wasa. Ba a komawa fili sai an yi minti 30 ba a ji ƙara ba. Yara za su yi ƙorafi, mai hura usur ma zai ce saura minti biyar kacal. Ki yi magana cikin ladabi, ta bakin malami ko wani dattijo in ya fi miki sauƙi, in an ƙi ji ki kira naki ki fitar da shi. In ruwa ya rutsa ku babu gini kusa, kamar a hanyar fadama, ki naɗe lema, ku bar kusa da ƙarfen raga da bakin ruwa, ku warwatsu maimakon curewa, kada kowa ya kwanta a ƙasa, ku ci gaba da tafiya neman gini.

Akwai maganar da muka taso muna ji, wai wanda tsawa ta faɗa wa ba a taɓa shi sai an zuba masa nono. 'Yar uwa, jikinsa ba ya riƙe wuta, taɓa shi ba ya cutar da kowa. Abin da ke kashewa yawanci tsayawar zuciya ne, kuma lokacin da aka ɓata wajen neman nono shi ne lokacin ceto. In ba ya numfashi a shiga danna masa tsakiyar ƙirji da ƙarfi da sauri, wani ya nemo mota zuwa asibiti.

Da an dawo gida a tuɓe jiƙaƙƙun kaya, a yi wanka da ruwan ɗumi, a sha abu mai zafi. Kaskon gawayi kada ya kwana a ɗaki rufe. Yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari. Batun salla kuwa, malaman Malikiyya sun yi rangwame kan taɓon ruwan sama da ya fantsamo a tufa, matuƙar najasa ba ta rinjaye shi ba ko ta fito fili, don haka laka a gefen hijabi ba ta zama dalilin jinkirta Magariba ba.

In yaro ya tashi da zazzaɓi bayan kwana biyu, mukan ce ai dukan ruwa ne. Zazzaɓin cizon sauro yakan ɗauki mako guda zuwa biyu kafin ya bayyana, ke nan cizon ya riga ruwan. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna Jihar Kebbi ce kan gaba a Najeriya, inda aka samu ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada. Saboda haka kada ki tsaya kan farasitamol da man zafi, ki kai shi a gwada jini a ranar.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.