Darasi na 14: Ina Za A Kafa Tashar Kekuna?

Ɗalibi, ka taɓa jin labarin kekunan haya na gari? Mutum yakan ɗauki keke a wata tasha, ya hau, ya ajiye shi a wata. Birnin Paris na ƙasar Faransa ya soma wannan tsari a 2007, Marrakesh ta ƙasar Maroko kuma a 2016.

A ce za a kawo irinsa Mubi, amma kuɗin da ake da shi na tashoshi biyar ne kacal, kuma kai aka ɗora wa nauyin zaɓen wurarensu. Idan ka zaɓa da ka, kekuna za su yini a rana babu mahaya, dukiyar jama'a ta salwanta. Rashin sani ya fi dare duhu.

Da farko ka tara alƙaluma. Ka tsaya a ƙofar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da Jami'ar Jihar Adamawa, da babbar kasuwa, da kasuwar shanu, da tashar mota. Ka ƙirga masu shiga da masu fita, safe da yamma. Ka tambaye su unguwar da suka fito: Lokuwa, ko Sabon Layi, ko Wuro Patuji?

Sannan ka sa alama a taswira. Kada tasha ta yi wa mai tafiya a ƙasa nisa. A Paris, tazarar da ke tsakanin tashoshi kimanin mita 300 ce. Ka kuma guji bakin kogin Yedzaram saboda ambaliyar damina.

Yanzu a ce wurare 10 sun dace. Hanyoyin zaɓen biyar daga cikinsu 252 ne. Idan wuraren 20 ne, hanyoyin sun kai 15,504. A nan kwamfuta take da amfani: takan gwada su duka, ta fitar da wanda ya fi kusa da mafi yawan jama'a.

Sai dai akwai sauran aiki. Da safe ɗalibai za su kwashe kekunan unguwa su tara a makaranta, wanda ya makara ya tarar da tasha wayam. Saboda haka dole a tanadi motar da za ta riƙa mayar da su. Kuma kada yawan jama'ar tsakiyar gari ya sa ka manta da mazauna gefensa, waɗanda suka fi kowa bukatar abin hawa mai rahusa.

Ma'anar Kalmomi
alƙaluma: lambobin da aka samu ta ƙirge
da ka: ba tare da bincike ba
tazara: nisa tsakanin abubuwa biyu
wayam: babu kome

Tambayoyi
1. Me zai faru idan aka zaɓi wurin tasha da ka?
2. Don me tashar unguwa take zama wayam da safe?
3. Wane aiki kwamfuta take yi?

Aiki
Zana taswirar garinku, ka nuna wurare uku da suka dace da tasha, ka rubuta dalilanka.