Yadda ake karatun digirin ilimin bayanai daga nesa a Alshajara

Alshajara unguwa ce a kudancin Khartum, a bakin Farin Nilu, kuma a nan barikin sojojin tankokin yaƙi yake. Shi ya sa tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ta sha wuta ƙwarai. Soja sun ƙwato birnin a Maris na 2025, mutane suna ta komawa gidajensu, amma gyaran ɗakunan lacca ba aikin kwana ɗaya ba ne. Saurayi ko budurwar da ke son digirin ilimin bayanai, wato sanin yadda ake tattara littattafai da takardu, a tsara su, a adana, a fito wa mai nema da abin da ya zo nema, ta waya zai yi yawancin karatunsa.

Zaɓen makaranta ne farko. Jami'ar Khartum da Jami'ar Musulunci ta Omdurman da Jami'ar Nilaini duk suna da sashen laburare da bayanai, kuma yaƙin ya tilasta wa jami'o'in ƙasar mayar da darussa kan intanet. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Sudan kuwa, da aka kafa a 2002, dama don karatu daga nesa aka yi ta, tana kuma koyar da kwamfuta da fasahar bayanai. Kafin ka biya ko fam guda, ka tabbatar ma'aikatar ilimi mai zurfi ta amince da shirin, ka kuma ji inda ake zama jarrabawa.

Daga nan sai takardu: shahadar sakandare ta Sudan da lambar ɗan ƙasa. Hausawan Sudan, jikokin mahajjata da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, sun daɗe da sanin wahalar neman takarda, ga kuma gidajen da aka wawashe. Ka ɗauki hoton kowace, ka aje a waya da imel, ka tura wa wani ɗan'uwa da ke wani gari. In ka biya kuɗin rajista ta manhajar banki ta Bankak, ka adana ish'ari, wato rasit ɗin biyan, don ranar gardama shi ne mai yi maka shaida.

Wuta da netwok ne ke kayar da mafi yawan ɗalibai. A Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani sun ɗauke, har mutane suka koma biyan kuɗin awa a wuraren da aka kafa intanet na Starlink. Ɗalibin da ya san abin da yake yi ba ya zuwa irin wannan wuri ya tsaya tunanin abin da zai buɗe. Tun daga gida ya rubuta a takarda: laccoci kaza, littafi kaza, aikin da zai miƙa. Yana samun layi sai ya fara tura aikin, sannan ya sauke komai cikin waya, gaisuwar zumunta ta biyo baya. Ƙaramin faifan sola da batirin ajiya sun fi sabuwar waya amfani. Karatun kansa bayan Asuba ya fi shiga, kafin zafin Khartum ya taso. Kuma kada ka raina zauren WhatsApp na 'yan aji, don sau da yawa a can ake fara jin an ɗaga jarrabawa.

Yanzu ga inda nake so a tsaya da kyau. Zuciyar wannan fanni ita ce rarraba littattafai da rubuta katalogi, kuma kallon bidiyo ba ya koyar da su. Za a karantar da kai tsarin da Melvil Dewey ya fitar a 1876, mai kasa ilimi gida goma: Musulunci a 297, tarihin Sudan a 962.4, na Najeriya a 966.9. Haddace lambobin ba wuya. Ka je masallacin unguwa ka nemi izinin liman, ka kwaso littattafai talatin daga kanta, ka kakkaɓe ƙurar guguwar habub, ka yanka kwali ka yi wa kowane kati. Nan take za ka ci karo da abin da lacca ba ta gaya maka ba. Wannan ba shi da bango, wancan shekarar Hijira kaɗai ke jikinsa, wani sharhi ne a kan littafin wani malami, to wa za a rubuta a matsayin mawallafi? Ga littafi ya ce Usman ɗan Fodiyo, wani ya ce Usman bin Fudi da baƙaƙen Larabci. Dole ka tsayar da suna ɗaya, ka sa sauran su yi nuni zuwa gare shi, in ba haka ba mai nema zai samu rabin littattafan Shehu ya ɗauka ke nan. Idan hannu ya faɗa, sai ka koma kwamfuta: a tsarin MARC 21 gurbi na 100 na mawallafi ne, na 245 na sunan littafi. Koha manhajar laburare ce ta kyauta, ana iya ɗora ta a laftof a yi atisaye ba tare da intanet ba.

Kundin shekarar ƙarshe kada ka nemo shi daga nesa. A 2023 laburaren Cibiyar Muhammad Umar Bashir da ke Jami'ar Ahliyya ta Omdurman ya ƙone, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da na tuna. Abin da shirin Sudan Memory ya riga ya ɗauka a hoto kafin yaƙi kuwa yana nan ana dubawa. A gidajen Hausawa akwai rubuce-rubucen ajami da wasiƙun kakanni cikin gafaka. Da yardar masu su, ka shimfiɗa kowane shafi kusa da taga, ka kashe fitilar kyamara, ka ɗauka a miƙe, ka ba kowane hoto lamba, sannan ka cike bayaninsa da gurabe 15 na tsarin Dublin Core. Ka mayar wa mai gida takardunsa a jere yadda ka same su, haɗe da kwafin hotunan.

Jarrabawa galibi da jiki ake zama. Lokacin yaƙin jami'o'i da dama sun buɗe cibiyoyi a garuruwa irin su Fot Sudan da Atbara, har da Alƙahira, saboda haka ka riƙa tara kuɗin mota tun farkon zango. Shahada in ta fito, a kai ta ma'aikatar ilimi mai zurfi a buga mata hatimi. Mai niyyar aiki a Saudiyya ko Kano sai ya ƙara da na ma'aikatar harkokin waje.